Kason Wanda Ba Ya Nan

Gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni: ni mutum ne da in abu mai kyau ya shigo hannuna, sai idona ya rufe. Tun ina yaro haka nake. A sa mini tsoka a miya, sai in tsaya kallonta har kaza ta yi gaba da tuwon. Boko kuwa ban yi nisa ba, na ga malamin ya fi ni buƙatar hutu, na bar masa makarantar. Da wannan kan na zo Dubai, da furfurata, ina ɗaurin kaya a wani shagon kago, masu aika kaya ƙasashen waje, a unguwar Deira. Kwali, salatif, igiya, sai in rubuta sunan mai kaya a jiki, wani lokaci har in rubuta daidai.

A unguwar Hor Al Anz muke, a wani tsohon bene, mu huɗu a ɗaki. A can gado ake haya, ba ɗaki ba. Gadaje biyu ne na ƙarfe masu hawa biyu. Ni ina ƙasa saboda gwiwa, a samana akwai wani mutumin Filato mai gyaran esi, na'urar sanyaya ɗaki, muna ce masa Injiniya. A ɗaya gadon akwai Direba, Bakano mai jan motar wani kamfani, da wani ɗan kudancin Kaduna mai gadin otal a Al Rigga, wanda muke kira Soja saboda kakinsa.

Injiniya ne ya kawo mana wasan daga wurin abokan aikinsa 'yan Filifin. Foka suke ce masa. Kuɗi ba ya shiga, don a ƙasar nan caca tana raba mutum da bizarsa. Ƙwallon dabino muke zubawa, wanda muka tara tun azumi a gwangwanin madara. Na san abin da malamai suka ce a kan karta. Na ji, ban musa ba, gwiwata ce dai ba ta iya tashi daga wurin da sauri.

Kowa ana ba shi kati biyu ya ɓoye. Sai a jera biyar a tsakiya a kife, a buɗe uku tare, sannan ɗaya, sannan na ƙarshe. Na tsakiya na kowa ne, kowa ya haɗa da nasa ya ga abin da ya fito masa. Duk buɗewa, ko ka ƙara zuba ƙwallo, ko ka ajiye katinka ka haƙura da abin da ka riga ka zuba. Sarakuna uku babban hannu ne, amma kati biyar iri ɗaya, ko ƙanana ne, sun danne su. Iri huɗu ne a karta, wanda ya shafi labarina shi ne baƙin nan mai kama da kan mashi.

Injiniya ya gaji da yi mini wa'azi. "Baba, ka daina kallon hannunka kamar hoton jikanka. Dubi tsakiya. Sanka naka ne, amma kasuwa ke yanke masa daraja."

"Injiniya, sarki sarki ne ko a kasuwa."

"To zubo."

In zuba, ya kwashe.

Muna da wata al'ada da ban ga ana yi a wani ɗaki ba. Aikinmu ba lokaci ɗaya ba ne, da wuya mu cika huɗu. In an yi tuwo, ana rufe wa wanda ba ya nan kasonsa, sai Injiniya ya ce karta ma haka za a yi mata. A raba wa wanda ba ya nan kati biyu, a kife a wurin zamansa, a ɗora kofin shayinsa a kai. In ya shigo kafin a nuna hannu, katinsa yana ci. Galibi Injiniyan ne da kansa ba ya nan, musamman da zafi, lokacin da esi ke mutuwa a gidajen mutane kamar kaji a annoba. Kuma ya iya isowa a kan gaɓa. Ana buɗe katin ƙarshe sai mu ji takunsa a matakala, jakar kayan aikinsa tana bugun ƙarfen gefe, ƙwal, ƙwal. Ya shigo jiƙe da gumi, ya ɗaga shuɗin kofinsa, ya ce yalla, wato a yi maza, ya kwashe ƙwallayen da muka sha wahalar tarawa. Na sha leƙa ƙarƙashin kofin nan in idon mutane ya kauce. Bai taɓa amfana mini komai ba.

Wata safiya cikin tsakiyar zafi, wayarsa ta yi ta ƙarar tashi a samana, ba a kashe ba. Na sa ƙafa na zunguri katifar daga ƙasa kamar yadda na saba. Na ce, "Injiniya, tashi, Larabawa na narkewa." Nauyin bai motsa ba. Na ga yadda katifar ta lotso tsakanin wayoyin gadon, daidai siffar bayansa, sai na janye ƙafata a hankali. Likita ya ce zuciya ce. Ni kuwa na kwana a ƙarƙashinsa, har da minshari, in ji Direba. Mutanen cocinsu suka zo suka yi waƙa ƙasa-ƙasa a baranda, aka kai shi gida a jirgi, a ɓangaren kaya. Na daɗe in na ja igiya a kan dogon kwali sai in tuna da shi.

Gadon ya zauna babu kowa. Muka wanke kofinsa muka ɗora a saman kabad, muka daina wasa. Da rana tsaka, in ina kwance ni kaɗai, ƙarfen saman kan yi ƙara kamar an juya. Direba ya ce zafi ne ke buɗa ƙarfe. Esin ɗakin, wanda Injiniya ke lallashi da mari ɗaya, ya koma tsayawa da tashi yadda ya ga dama.

Sai mutumin da ke ba mu hayar gadajen ya samo sabon ɗan haya. Kafin ya hawo bene, mai shagon ƙasa ya riga ya ba shi labari, sai baƙon ya ce kowane gado zai karɓa ban da wannan. Mai hayar ya tsaya a bakin ƙofa, bai shigo ba. "Ɗayanku ya hau can ya bar wa baƙo nasa. Ku shirya tsakaninku, khalas, magana ta ƙare."

Direba ya ce, "Baba ya fi mu kusa da kabari, shi ya kamata ya fara sabawa."

Na ce, "Ɗan nan, mutuwa ba ta bin layi. Ba ka ga ta tsallake ni ta hau bene ba?"

Soja bai yi dariya ba. Ya ce shi da Injiniya tare suke zuwa coci, ba zai iya kwanciya a ramin da jikinsa ya bari ba. Ni ma ba na iyawa, amma ban faɗa ba, na laƙa wa gwiwa. Da muka rasa mafita, muka sauko da gwangwanin madara. Aka raba ƙwallaye daidai, wanda nasa suka fara ƙarewa shi zai hau.

Ranar Lahadi ce bayan la'asar. Labule a rufe, rana tana dukan taga, esi yana gurnani. Muka shimfiɗa kwalin da muke wasa a kai. An yi zagaye da dama, kaso uku na mutum uku, ba wanda ya yi nisa. Da rabo ya zo kan Soja, marar tsufa ta tashe ni zuwa banɗaki. Direba ma ya fita baranda amsa wayar ubangidansa, ina jin muryarsa ta bango tun daga shigata har fitowata, yana ta "na'am, habibi, inshallah."

Da na dawo, kaso huɗu na tarar a kan kwali. Na huɗun yana wurin da Injiniya ke zama, jikin ƙafar gado, da shuɗin kofin a kai. Na dubi Soja, kansa a sunkuye yana duban katinsa. Na ce a raina kewa ce ta sa shi. Direba ya shigo, ya tsaya, ya yi bisimilla a ciki-ciki, ya zauna ya ɗan ja jikinsa nesa da wurin.

Na ɗaga nawa. Sarakuna biyu, duka jajaye. Tsoron da kofin ya sa mini ya ɗan sake ni, don na gaya muku halina.

Soja ya buɗe uku na tsakiya: sarki na mashi, huɗu na mashi, tara mai zuciya. Sarakuna uku ke nan a hannuna. Na zuba ƙwallaye da tafi.

Direba ya ce, "Baba, hancinka na rawa."

"Mura ce. Zuba ko ka sauka."

Suka zuba. Aka buɗe na huɗu, bakwai na mashi. Direba ya dube shi, ya dubi kofin, ya ajiye katinsa. "Ni a wannan tasha zan sauka." Ni ban ga komai ba sai sarakunana. Na tura fiye da rabin abin da ya rage mini, Soja ya bi.

Na ƙarshe ya fito, biyu na mashi. Soja ya tura duk ƙwallayensa tsakiya da gefen hannu. Na san Soja. In ƙarya yake yi, sai ya riƙa murza sarƙar wuyansa, kuma ga shi yana murzawa kamar zai tsinke ta. Ba shi da komai. In na bi shi, na ci, shi zai hau gadon. Na ɗora hannu a kan sauran ƙwallayena.

Sai esi ya tsaya.

A ɗakin da ba a taɓa jin shiru ba, shirun ya yi nauyi. Cikinsa na ji taku a matakala, daga can ƙasa, ba sauri. Da wani abu na ƙarfe yana taɓa ƙarfen gefe, ƙwal, ƙwal. Benen nan cike yake da ma'aikata, masu jakar kayan aiki ba su ƙirguwa, haka nake gaya wa kaina har yau. Amma Direba ya daina motsi, hannun Soja ya tsaya a wuyansa.

A lokacin ne na dubi tsakiya, duba na gaske, karo na farko tun da na fara wasan nan. Kan mashi huɗu a jere, har da sarkin da nake taƙama da shi, wanda ashe ba nawa ba ne ni kaɗai. Sarakunana suna nan yadda suke, ba abin da ya taɓa su, amma duk mai mashi ɗaya a hannu, komai ƙanƙantarsa, ya cika biyar ya binne su. Soja ba shi da shi. Direba ya sauka. Saura kati biyu a ƙarƙashin kofi, kuma dokar ɗakinmu ta ce in mai su ya shigo kafin a nuna hannu, suna ci.

Takun ya iso hawanmu. Ya taho ta baranda, ya tsaya. Ban ji mabuɗi ba, ban kuma ji an wuce ba.

Na janye hannuna daga ƙwallaye. Na kife sarakunan a kan kwali, na ce, "Na haƙura."

Esi ya yi tari ya tashi. Ba wanda ya je ya duba ƙofa.

Soja ya nuna nasa, tarkace ne, jajaye biyu da ba su haɗu da komai ba. Direba ya buɗe nawa, ya fara dariya. "Sarakuna uku ka zubar wa wannan? Baba, tsufa ya..." Bai ƙarasa ba. Ya miƙa hannu ya ɗaga kofin da 'yan yatsu biyu, kamar yana da zafi, ya juya katin sama. Uku ne na mashi. Na ƙasan ba wanda ya taɓa shi.

'Yan ƙwallayen da suka rage mini ba su kai magariba ba. Na naɗe zanen gadona, na bar wa baƙo wurina. Har yanzu a sama nake kwana. Na juya katifar, na sake juya ta, ramin yana nan, kuma ya fi ni tsawo, sai dai in kwanta a cikinsa kamar yaro a rigar babansa. Daga can ana ganin ɗakin duka, har tsakiyar kwali in ana wasa. Na rage asarar ƙwallaye, ba don na yi wayo ba, sai don yanzu tsakiya nake fara duba, sannan ƙofa.

A yammacin nan da na fara hawa, gwiwa ta ƙi, Soja ne ya riƙe mini tsanin ya tallafe ni ta baya. Da na zauna a sama ina haki, ya tsaya yana goge kofin da gefen rigarsa kafin ya mayar saman kabad. Bai dube ni ba da ya yi maganar.

"Baba, ka kyauta da ka tuna da shi. Ni kaso uku na raba, na shiga kicin ɗauko ruwa, na dawo na tarar ka ajiye masa nasa har da kofin."