Nibaldo Ya Rufe Dutse Yana Kansa

Duk baƙon da ya zo ƙauyenmu da hunturu ya tambayi Nibaldo Riquelme, sai a nuna masa sama da baki a ce, "Yana can bisa dutse, Allah ya ba shi aikin da ransa ke so." Haka kowa ke faɗa, musamman waɗanda ba su taɓa wanke masa safa ba. Ni 'yar goggonsa ce, sunana Eduvigis, ana ce mini Vicha, kuma ni ke dafa wa ma'aikatan wurin sulun ƙanƙara abinci tun gemunsa na baƙi. Idan aka fara wannan yabo a gabana, sai in ci gaba da yankan albasata.

Ubansa mai alfadarai ne, yana ratsa duwatsun nan da kaya tun kafin a kafa kujerun igiya masu hawa da mutane sama. Ya so ɗansa ya gaje shi. Nibaldo kuwa ya ƙyalla ido ya ga pistero, masu jar riga da farar gicciye a baya, waɗanda ke tsaron masu sulu suna sauko da wanda ya karye. Ya ce shi fa ba zai ƙare rayuwarsa yana kallon gindin alfadari ba. Ya kuma samu rigar. Ranar da ya fara saka ta har coci ya shiga da ita, ya zauna a sahun gaba yana zufa, ya ƙi cirewa.

Yana da wata magana da ya addabe mu da ita: "Abin da masu kuɗin birnin Santiago ke biya su yi, ni biyana ake in yi."

To bari in gaya muku abin da ake biyansa ya yi. Da asuba yana sama da shebur yana tono ragar tare masu sulu da ƙanƙara ta binne. Ya gama, ya saɓa damin gora a kafaɗa yana bin gefen hanya yana kafawa, iska ta tuge, gobe ya sake kafawa. Ya bi ƙarƙashin kujerun igiya yana tsintar safar hannu da wayoyi da sandunan da yaran masu kuɗi suka yar. Da rana ya sauko da wani ƙato da ya sha giya ya rungumi falwaya, ƙaton na yi masa amai a takalmi yana cewa zai kai ƙara. Sulu dai yana yi, ban musa ba, amma kullum da kaya a wuya ko mutum a baya, kamar alfadarin da ya raina.

Da hunturunmu ya ƙare kuma ba ya zama. Irin su Nibaldo bin sanyi suke yi: ƙanƙara na narkewa a nan, sai su hau jirgi su tafi Andorra can Turai inda tata ke fara zuba, su dawo daidai lokacin da tamu ta sauko. Shekara da shekaru mutumin nan bai ga bazara ba. Matarsa Uberlinda ta shuka wake ita kaɗai, ta girbe ita kaɗai, ta yaye 'ya'ya ita kaɗai. Na taɓa ce masa, "Ɗan kawu, kai ko kunya ba ka ji? 'Ya'yanka ba su taɓa ganin ƙafarka babu safa ba." Ya yi dariya ya ce hassada ce ke cina don ni a bakin tukunya na tsufa.

Amma akwai abu ɗaya, kuma a nan ba zan yi masa ba'a ba. Kullum da yamma idan aka sallami baƙi, pistero kan hau can ƙoli su sauko a jere suna leƙa kowane kwari da kowane gindin dutse, kada a bar wani a sama. Shara suke kiran wannan. Wanda ya fi kowa daɗewa a aiki shi ke zuwa ƙarshe, shi kaɗai, babu gora, babu shebur, babu mai amai. Rana na faɗuwa, ƙanƙara ta yi ja, dutse duk nasa ne. Idan ya tabbatar ba kowa, sai ya faɗa a oba-oba, sannan a kashe kujerun igiya, katafilolin da ke daddale ƙanƙara su hau. Nibaldo ya yi shekaru yana jiran wannan matsayi, ya kuma samu. Idan ya shigo ɗakin cin abinci bayan shara, fuskarsa kan yi wani haske da ban taɓa gani ba ko ranar aurensa. Don wannan ɗan lokacin yake haƙuri da sauran yinin, da sauran shekarar ma.

Sai gwiwa ta fara magana. Ni na fara ganewa, domin a bayan kicin ɗina yake ɓuya ya naɗe ta da ƙyalle, ya saci ƙanƙarar firijina ya ɗora, mutumin da ya yini a cikin ƙanƙara.

"Je ka ga likita, Nibaldo."

"Likita? Ke dai ba ki da hankali, Vicha. Likitan kamfani ya taɓa wannan gwiwar, gobe Galvarino, mai bi mini a aiki, shi zai riƙa zuwa ƙarshe a shara. Galvarino da ke saukowa kamar buhun dankali!"

"To ka zauna, wata rana a ayaba za su sauko da kai."

Ya tofar da yawu ya yi alamar gicciye. Ayaba ita ce doguwar rawayar makarar da suke jan masu rauni a ciki, kuma a wurin pistero babu abin kunya kamar a kwantar da kai a cikinta. Al'adarsu ce, duk wanda aka sauko da shi a ayaba sai ya yanka rago ya gasa wa 'yan uwa, suna ci suna kwaikwayon kukansa. Daga nan kuma kai tsaye sai ɗakin likita, babu roƙo.

Wata yamma a watan Agusta ina juya miyar cazuela, oba-oban da ke kan kantata na ta shiii kamar kullum. Na ji Galvarino daga ƙasa yana kira: "Tsoho, yaya can? Mun gaji da jira, yunwa muke ji."

Sannan muryar Nibaldo ta fito, a natse, kamar mai karanta labarai: "Dutse fes, ba kowa. A rufe."

Aka rufe. Kujeru suka tsaya, katafiloli suka kunna fitila suka kama hawa. Kowa ya zo ya ɗauki kwanonsa, na Nibaldo na ajiye, miya har ta fara yin fata a sama.

Ashe a lokacin da ya yi wannan magana yana kwance ne a tsakiyar gangaren da muke kira Bazawara, gwiwa ta juya ta kalli inda ba a halicce ta ta kalla ba. Oba-oba na hannunsa. Kalma ɗaya zai faɗa, abokansa su hau su ɗauko shi. Sai ya zauna ya yi lissafi irin nasa: zai ja gindi a hankali har ƙasa, ya lallaɓa ta bayan kicin, gobe ya ce mura yake yi. Mutum mai jikoki, wanda ya yi rabin rayuwarsa yana yi wa baƙi faɗa kan ganganci.

Segundo direban katafila ne ya gan shi. Ya ce ya hango wani jan abu na rarrafe a gaban fitila, ya ɗauka tsumman raga ne iska ta kwaso, har ya yi niyyar bi ta kai. Da ya taka birki, tsakanin haƙoran katafila da Nibaldo bai fi tsawon tebur ba.

Segundo ya diro yana ihu: "Malam Nibaldo! Ba kai ka ce ba kowa ba? So kake in kashe ka in tafi kurkuku? Bari in kira su kawo ayaba."

"Ka taɓa oba-oban nan sai na karya maka hannu. Ɗora ni a baya."

"Bayan ai sharar gidan abincin sama ce a ciki!"

"Na ce ɗora ni."

Haka aka sauko da babban pistero na dutsenmu, zaune a tsakiyar buhunan shara, ɓawon lemo a kafaɗa, ya harɗe hannu kamar gwamna a motar fareti. Mun fito da cokula a hannu muna kallo. Na so in yi dariya, na so in kwaɗa masa ludayi, sai na ji hawaye ya riga su duka. Su Galvarino kuwa nan take suka hau gardamar ko ragon ya wajaba, tunda ba a ayaba ya sauko ba.

Washegari manaja ya same shi a gadon asibiti, ina zaune a gefe da kwanon miya.

"Riquelme, mutum nawa ka bari a kan dutse jiya?"

"Ko ɗaya, ranka ya daɗe."

"Kai fa?"

Nibaldo ya dube shi da mamaki na gaskiya. "Ni ai ma'aikaci ne."

Manaja ya gyaɗa kai, da alama amsar ta yi masa daidai.

Ba su kore shi ba, kada a ce ba su da kirki. Sun lura gemunsa ya yi fari tas, fuskarsa ta ƙone da rana, ya yi kyau da jar riga. Sai suka karɓe oba-oba da takalman sulu, suka bar masa rigar, suka tsayar da shi a ƙasa kusa da wurin sayen tikiti, riƙe da igiyar wani ƙaton kare mai gashi, baƙi na ɗaukar hoto da su. A takarda har yanzu pistero ne. A ƙauye har yanzu ana cewa ya dace.

Ran nan da yamma na kai masa shayi. Lokacin shara ne, ana hango su Galvarino ƙanana can sama suna saukowa a jere, shi kuma ya ɗaga kai ya manta da kofin da ke hannunsa. Wata budurwa 'yar Santiago ta tsuguna ta rungumi karen, saurayinta ya saita waya, ya sauke, ya sake saitawa.

"Baba," in ji shi, "ɗan matsa gefe mana, kana shiga hoton."

Nibaldo ya ja ƙafarsa ya matsa iya tsawon igiyar.