Kusurwar Tsantseni

Tsantseni ake ce masa, kuma ba don yabo ba. Shekara ashirin da biyu yana shiga lif, na’urar hawa da sauka, kowace safiya, ya sauka can ƙarƙashin dutse inda masana suka binne wani ƙaton tanki cike da tataccen ruwa. Bangon tankin daga ciki jere yake da idanun gilashi, kowanne girman tulu, suna jiran walƙiyar niyutirino, wata ƙwaya mitsitsiya da ke ratsa duniya ba ta taɓa komai sai jefi-jefi. Shi aikinsa wanke idanun nan kafin a ɗaura su.

Matsalar ita ce ba niyutirino kaɗai ke walƙiya ba. Ƙura tana yi, dutse yana yi, har gishirin da ke cikin zufar mutum yana fitar da nasa hasken na ƙarya. Masana suna wuni gaban kwamfuta suna raba na ƙarya da na gaskiya, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. A ganin Tsantseni, duk tsakuwar da suka tsinta wani ƙazami ne ya zuba ta, kuma ba ya barci sai ya gano ko wane ne.

Bai bar kowa ba, har ƙaninsa. Shi ya samo masa aikin, shi kuma ya kai ƙararsa ranar da ya gan shi ya leƙa ɗakin wanki da takalmin waje. Aka kori ƙanin. Shekara tara ba su ce wa juna kanzil ba, har ciwo ya kwantar da ƙanin ya tafi. A wurin binnewa Tsantseni ya tsaya ƙyam, ido a bushe, washegari ya ɗauki jakarsa ya nufi aiki.

“Dutsen nan da kake shiga, shi ya shige ka,” in ji matarsa. “Ɗan uwanka ciki ɗaya, ko ƙwalla.”

“Ƙwalla gishiri ce,” ya ce, ya ja ƙofa.

A lokacin an zubar da ruwan tankin ana sauya wasu idanu. Aka gama, aka liƙe, aka cika. Wata shida bayan nan walƙiya ta yi yawa a kusurwa ɗaya. Dakta, shugabar masu lissafi, ta tara ma’aikata a ɗakin taro.

“Niyutirino ba ta zaɓar wuri,” ta ce. “In ta zo, ko’ina a tankin za a gan ta. Wannan kuwa ta kafe a wuri ɗaya, kuma ƙarfinta irin na gishirin jikin mutum ne. Wani ya taɓa abin da bai kamata ba.”

Ba ta rufe baki ba Tsantseni ya miƙe yana nuna Mai Walda, wani ƙato mai yawan dariya da ya tsana tun ranar da ya fara ganinsa.

“Ga shi nan. Mutumin da zufa ke ɗiga daga gemunsa ko a gaban fanka. Na faɗa, na rubuta, an mai da ni mahaukaci.”

“Baba, ka ji tsoron Allah,” in ji Mai Walda. “’Ya’yana huɗu.”

“Ka koya musu wanka.”

Aka dakatar da Mai Walda zuwa ƙarshen bincike. Tsantseni ya ji daɗi, kuma bai ɓoye ba.

Bayan mako guda Dakta ta liƙa sakamako a allon sanarwa. Hasken yana fitowa daga ido na ɗari huɗu da tara. Tsantseni ya buɗe littafin ɗakin wanki don ya ƙarasa Mai Walda, sai ya ga rubutun hannun kansa a gaban lambar idon, ya ga kwanan wata. Washegarin binne ƙaninsa ne.

Nan take ya tuna. Yana cikin goge gilashin shi kaɗai, fuskarsa ta fito a ciki a kumbure, sak fuskar ƙanin lokacin da yake yaro yana bin sa a baya. Kuka ya kufce masa. Ya janye takunkumi, ya share fuska da hannu, hawaye da majina da zufa, sannan ya ci gaba da aiki da safar hannun nan bai sauya ba. Dokar sauya safa kuwa shi ya rubuta ta, tana nan manne a ƙofa.

Kwana uku yana yawo da maganar a ciki. Wanzami dai ba ya son jarfa. Ba wanda zai duba littafin, don wa zai zargi Tsantseni? Ya bi ta gaban akwatin kayan Mai Walda, ya ga hoton yara huɗu a jikin murfin, ya ji haushi ya ƙara kama shi. A rana ta huɗu ya shiga ofishin Dakta ba sallama, ya jefa littafin a teburinta.

“Ku mai da ƙazamin can bakin aikinsa. Gishirin nawa ne.”

Ta karanta, ta ɗago. “Kai? Yaya aka yi?”

“Ba ruwanki. A buɗe tankin in wanke.”

“Tankin nan ba zai buɗu ba sai bayan shekara goma. Za mu sa kwamfuta ta riƙa watsar da duk abin da ya fito daga kusurwar, har da na gaskiya in ya faɗa can.” Ta rufe littafin. “Ka jawo mana asara, Baba. Daga yau kana ɗakin ajiya.”

Mai Walda ya dawo bai gaishe shi ba, shi ma bai nema ba. Kafin wata ya ƙare, kowa a wurin yana kiran yankin da aka yanke kusurwar Tsantseni, har a gabansa.

Matarsa ce kaɗai ta matsa sai ta ji yadda aka yi. Ya faɗa mata a tsaye, yana kallon bango. 

“Ashe ka yi masa kuka,” ta ce. “Shi ne ka kai kukan ƙarƙashin ƙasa, inda ba wanda zai gani.”

“Ana gani,” ya ce. “Kullum injin yana gani, kullum ana gogewa.”