Masana'antar da Na Kusa Kashe wa Kasuwa

Shekarun baya, ina digiri na uku a Manchester, wani kamfanin haƙar mai a teku ya kawo wa sashenmu aiki. Bawul ɗin da ke toshe rijiya idan mai ya taso da ƙarfi ya fara yawan lalacewa, suna so a gano dalili. Malamina ya miƙa mini.

Tun ranar farko na samu wanda zan zarga, wata ƙaramar masana'anta a Birmingham da ke ƙera bawul ɗin. Na ce ƙarfen banza suke sawa. Na yanka waɗanda suka aiko mana, na gwada a lab, ƙarfe lafiya lau. Sai na ce ai masu kyau suka zaɓo mana. Da malamina ya ce in bi a hankali, shi ma na fara yi masa kallon wanda aka toshe wa baki. Har na rubuta rahoton da zai raba su da kwangilar.

Wata Asabar na hau jirgin ƙasa, wai zan yi musu dirar ba-zata. Na tarar da ƙofa a garƙame, ba sa aiki ran Asabar. Na ja jiki zuwa gidan abokina a unguwar Balsall Heath, nan cikin Birmingham. Yayansa na nan, mutumin da ya daɗe yana aiki a rijiyoyin teku. Muna cin abinci na zayyane masa komai.

Ya ce, "Ƙanena, kafin lalacewar ta ƙaru, wa ke sa hannu a report ɗin da ake rubutawa in abu ya lalace?"

Na ce ban duba ba.

"To duba. Mun taɓa yin wani manaja, in ka rubuta abu ya lalace, next shift babu sunanka a jerin masu aiki. Sai mu gyara mu yi shiru."

Ran Litinin na duba. A watan da lalacewar ta fara hawa, a watan aka canja manajan rijiyar. Na nemi takardun sito, na ga tun da can haka ake yawan canja bawul ɗin. Ba abin da ya ƙaru, ma'aikata ne suka daina ɓoyewa.

Na goge rahoton, na je na ba malamina haƙuri, bai ma san laifin da na yi masa ba.

Zargi dai bai bar ni ba har yau. Idan aka kawo mini takardar rijiyar da ta shekara ba matsala ko ɗaya, sai in fara tambayar wa ke sa hannu a kanta.