Malamin Asibitin da Muka Binne Kafin La'asar

Ɗiyata ta biyu tana koyar da adabin Turanci a wata jami'a ta kudu. Da ta zo Tambuwal hutun ƙaramar salla, sai ta ajiye min littattafai biyar a kan tabarmar zaure.

"Baba, ga aiki na kawo maka, tunda ka ce ka karance duk abin da ke gidan nan."

Ta ce ƙagaggun labaran kimiyya ne, irin na kumbo da wasu duniyoyi, amma marubuta Kiristoci ne suka rubuta su. Su biyar ne suka kai matakin ƙarshe a wata gasa, an kuma nemi ta yi sharhi a kansu. Na ce mata ni da na zauna gaban malamai a Alƙahira, na karanta littattafan noma da Faransanci a Yamai, yanzu da furfurata za a sa ni hawa kumbo tare da fastoci? Ta ce in hau kawai, ba a biyan kuɗin mota.

Huɗu daga ciki na karanta su kamar yadda baƙo ke kallon bikin wani gari. Akwai wanda ya kai wa'azi wata duniya mai rana biyu, akwai mutum-mutumin ƙarfe da yake tambaya ko shi ma yana da zunubi. Na ga su ma abin da ke hana su sukuni shi ne tashin ƙiyama da hisabi, kamar mu, sai dai sun ɗora shi a kan injuna.

Na biyar mace ce ta rubuta shi. Labarin wani ƙaramin ƙauye ne a wata duniya mai jar ƙasa, inda aka tura wani likita baƙo. Ya mutu iyalinsa ba sa nan. Mutanen ƙauyen, saboda ƙaunar da suke masa, suka binne shi cikin sa'o'i kaɗan, ba akwati, ba alama. Bayan shekaru masu yawa 'yarsa ta dawo cikin kumbo tana neman wurin. Na kai inda labarin ya koma baya, ranar da uwar yarinyar ta iso da akwatin gawa ɗaure a bayan mota, ta tarar ba wanda za a sa a ciki. A nan na rufe littafin, na juya bayansa na karanta ɗan bayanin marubuciyar. An ce mahaifinta ma'aikacin lafiya ne da ya yi aiki a arewa maso yamma, ya rasu tana ƙarama.

Ni na san wannan motar. Ina tsaye a bakin hanya a Kebbe ranar da ta iso.

Lokacin ina saurayi, malamin gona ne ni a can. Malamin asibitin garin Kirista ne daga ƙasar duwatsu, mutum mai yawan dariya, wanda ya iya Hausarmu har yana kwaikwayon tsofaffi. Duk gidan da aka yi haihuwa mai wuya ko cizon kunama, an san ƙarar kekensa. Da damina ta yi nisa matarsa ta tafi gida da 'yarsu, ruwa kuma ya yanke hanya. Amai da gudawa suka shigo gari. Ya yi ta fama da mutane, har shi ma ya kwanta, ya cika da hantsi.

Ba wanda ya yi gardama a kan abin da za a yi. A wurinmu gaggauta kai mamaci makwancinsa shi ne girmama shi, barin gawa ta kwana kuwa wulaƙanci ne. Liman ya ce ba za a yi masa salla ba, amma a suturta shi da kyau. Wani attajiri ya bayar da farin yadin da ya ajiye don likkafaninsa. Aka haƙa rami a gefen wata gona, bayan maƙabarta, aka jera itatuwa da fasassun tukwane, aka mayar da ƙasa. Kafin la'asar mun wanke hannu. Muka watse muna jin mun sauke nauyi.

Bayan kwana tara matar ta iso. Mun kai ta wurin, ruwa ya riga ya kwantar da tudun. Ba ta yi mana faɗa ba. Ta tambaya ko an rubuta sunansa a wani abu, muka kalli juna. Yarinyar tana riƙe da gefen zanenta, tana kallon ƙasa.

Daga baya ne, da na yi yawo, na gane abin da muka hana su. Na ga maƙabarta a Faransa da hoton kowane mamaci a kan dutse, tsofaffi suna zuwa da buta suna ba furanni ruwa. A Akkara na ga an kwana makonni ana shirin jana'iza don kowa ya samu zuwa. Mu kabarinmu damina biyu ta ishe shi ya ɓace, kuma har yau ina ganin hikima a hakan. Amma shi ba namu ba ne ta wannan fuskar, kuma ba mu tambayi kowa ba.

A cikin littafin akwai wani tsoho da ya rage a ƙauyen. Shi ya kama hannun 'yar likitan, ya kai ta daidai wurin, ba kuskure. Na daɗe ina duba wannan shafin. Ta rubuta mutumin da take fata yana raye, kuma a cikin waɗanda suka ɗauki makarar, mu biyu kaɗai muka rage: ni da wani wanzami.

Na shiga motar Kebbe, inda hanyar mota ta ƙare na hau babur, ƙashin bayana yana jin kowane rami. Na sami wanzamin a ƙofar gidansa, ido ɗaya ya yi fari.

"Malamin gona! Ashe kana nan? Ni na ɗauka tuni sunka kai ka."

"Kai nike jira ka riga ni, Sarkin Aska, ka share min wuri."

Da na faɗa masa abin da ya kawo ni, ya daina dariya. Ya ɗauki sandarsa muka fita bayan gari. Gonar tana nan, gero ya kai ƙugu, amma itacen da nake tunawa babu shi. Na tsaya inda zuciyata ta ba ni, na ce nan ne, gabas da inda tsamiya take a da.

"Wace tsamiya? Ƙirya ce. Kai kana tsaye da farar rigarka kana kallo, ni nag gina ramin. Can munka aje shi." Ya taka cikin geron har ya tsaya can nesa, ya dafa sanda.

Na ƙirga tsakaninmu, taku talatin da huɗu. Ya rantse, ni ma na kusa rantsewa. Mai gonar, jikan wanda muka sani, ya zo yana tambayar ko wani abu muka yar. Bai taɓa jin akwai mutum a gonarsa ba.

Na dawo Tambuwal na yi kwanaki ina juya abin. Da zan iya zaɓar wuri ɗaya in rubuta mata cewa nan ne, ba wanda zai ƙaryata ni. Na rubuta wasiƙar da Turanci, na faɗi gaskiya: wurare biyu, tsofaffi biyu, da takun da ke tsakani. Na faɗa mata yadin likkafanin sabo ne, kuma garin ya fito gaba ɗaya. Ɗiyata ta aika ta hannun kamfanin da ya buga littafin.

Amsar ta zo a wayar ɗiyata, layi biyu. Ta yi godiya, sannan ta tambaya ina muka juya fuskarsa.

Ban taɓa tunanin wannan ba. Na aika Kebbe aka tambayi wanzamin. Ya ce gabas mana, a kan gefensa na dama, yadda ake kwantar da kowa. Hannunsu bai san wata hanyar ba. Haka na sa aka rubuta mata, ban ƙara komai ba.

Ta ce za ta zo idan an girbe geron. Wanzamin kuwa an ce min tun waccan fitar da muka yi jikinsa ya yi rauni, bai sake zuwa masallaci da ƙafarsa ba.