Idon Inna

Mahaifiyata ɗinkin hula take yi, sana'ar da ta gada daga kakanninmu da suka zo daga Barno suka zauna a Kabara. Da ita ta riƙe mu bayan rasuwar Baba. Wani Alhaji mai shago a kasuwa ne yake kawo mata zare da yadi, in ta gama ya karɓa. Kowa ya san hula ta fi daraja gab da Sallah, amma ba mu taɓa iya ajiye ko ɗaya ba. Ranar da aka gama ta, ranar ake sayar da ita a auno masara. Alhaji ne yake da halin ajiyewa, shi yake cin ribar.

Shekarar da na fara koyarwa a wata firamare ta Ƙofar Na'isa, na lura Inna tana ta matsawa bakin ƙofa da ɗinkinta. Sai ta miƙo min allura ta ce, "Zura min zaren nan, hannuna ne yake rawa." Na san ba hannun ba ne.

Wata rana Alhaji ya yi sallama a zaure, ya dawo da wata hula.

"Hajiya, ba a taɓa dawo min da aikinki ba. Duba nan, shuɗi ya shiga cikin baƙi."

"To Alhaji, za a gyara."

Bayan ya tafi ta yi ta jujjuya hular, ba ta ga wurin ba.

A asibiti likita ya ce yanar ido ce ta rufe idanun, sai an yi aiki, sannan ta huta. A cikin adaidaita muna dawowa ta ce min, "In na zauna, Alhaji wata zai ba zaren. Kuma me za mu ci?" Albashina kafin tsakiyar wata ya ƙare, kwanon masara kuwa kullum ƙara tsada yake.

Muka yi ta ɗaga aikin idon. Tana ɗinki, ni ina warware kuskuren in na taso daga makaranta. Daga baya ƙanenta ya sayar da babur ɗinsa aka yi wa idon hagu aiki. Kafin ta warke Alhaji ya samu wasu masu ɗinkin. Yanzu sai ƙananan huluna masu araha yake aiko mata.

Idon dama yana nan ba a taɓa shi ba. Kullum in na yi sallama, sai na duba ta wane ɓangare za ta juyo da fuskarta.