Garken Inna na Cikin Gilashi

Ban taɓa ganin teku da idona ba, har yau ɗin nan. Amma a falona, nan Funtua, akwai ruwan gishiri lita ɗari uku da kifayen teku suna ta shawagi a ciki. Wanda duk ya ce ƙarya nake yi ya zo, ƙofa a buɗe take.

Sana'ata sayar da taki da maganin feshi. Wani abokina da muka yi sakandare tare, wanda ya daɗe yana aiki a Abuja, shi ya kira ni wata rana ya ce zai bar ƙasar. Yana da akwatunan gilashi biyu na kifin teku, ya sayar da ɗaya da kayansa, ɗayan kuma nawa ne kyauta in ina so. In ina so! Ni da na taɓa zama a falonsa awa biyu cur ina kallon kifayen nan har shayina ya huce? Washegari na ɗauki hayar mota. Da na isa ya ce in zaɓi kifi shida ko bakwai, sauran zai mayar wa mai shagon da ya saye su a wurinsa. Na ce a kan me? A ba ka kyauta ka tsaya tsince-tsince? Na kwashe su kaf, goma sha huɗu.

“Sun yi wa akwatin nan yawa fa,” in ji shi. “Kuma sikimar ta tafi da wancan akwatin. Ka nemi wata da wuri.”

Na ce to, to, Allah zai raya. Wallahi kalmar sikima ta shiga ta wannan kunne ta fita ta wancan, don hankalina yana kan bokitan da ake jerawa a mota. Tun daga Abuja har Zariya har gida, ina rungume da bokiti ɗaya a cinya, ina yi wa direba faɗa a kan kowane rami.

Sati guda falona ya zama kasuwa. Maƙwabta, abokan ciniki, har wani dattijo da ya taso daga Tsiga a kan babur don kawai ya ga kifi mai ruwan ɗorawa. Tambaya ɗaya ce a bakin kowa: ana ci? In ce ba a ci. Sai a dube ni da tausayi.

Mahaifiyata kuwa, wadda muke kira Inna, sai a rana ta biyu ta fito. Inna mutuniyar Ƙarfi ce, kuma duk wanda ya san kiwon ragon layya a wancan yankin ya san hannunta. Tun kafin a haife ni take kiwo. Mutane daga Malumfashi sukan zo su kama ragonta tun watanni kafin Sallah. Da gwiwoyinta suka gaza, na sayar da ragunan ƙarshe na dawo da ita wurina. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba, amma shekara biyu tana zaune a ɗaki tana ta ramewa, tuwo ko rabi ba ta ci. Abin yana cina ƙwarai, na rasa yadda zan yi.

Ta dogara sandarta ta tsaya gaban gilashin, ta daɗe tana kallo. Sai ta ce, “Waɗannan ai ba su da nama. Wa yake ba su abinci?”

Kafin la'asar ta raɗa musu sunayen tumaki. Babban mai ruwan ɗorawa shi ne Balami. Wani ƙarami, rabinsa shuɗi rabinsa rawaya, ta ce ai wannan Uda ne sak. Sauran ƙananan duk 'Yan ƙasa. Da na ji tana dariya, dariyar da na manta irinta, sai na ɗauko gwangwanin abincinsu na damƙa mata. Na ce sau biyu a rana, ɗan abin da yatsa biyu za su ɗiba. Ta ce to.

Ashe wannan “to” irin ta manya ce, wadda ake ce wa yaro don ya tafi. Inna ta shiga kiwo gadan-gadan. Da hantsi ta ba su, da azahar ta ba su, da la'asar ta ƙara, sannan duk lokacin da suka taso bakin gilashi ta ƙara. Matata ta gaya mini, na yi wa Inna magana a hankali, ta ce dabba ba ta tasowa ta tarbe ka sai da yunwa, ita ba ta iya ƙoshi ta bar dabba tana kallonta ba. Na ƙyale ta. Yaya zan yi? Matar da ba ta cin tuwo ga ta yanzu tana neman ƙari.

A sati na uku ruwan ya fara yin ja-ja kamar an jiƙa tsamiya. Wani maiƙo ya kwanta a samansa, falon ya ɗauki ƙarni, kifayen suka koma sama suna buɗe baki. Wata safiya na fito na tarar da Uda a kwance a kan yashi, ya mutu.

Ni mutum ne mai saurin fushi, duk kasuwa an sani. Inna tana tsaye da gwangwani a hannu, na juya na ce, “Inna, kin kashe min kifi! Waɗannan ba ragunan Ƙarfi ba ne da za a yi ta ɗura musu dusa da gurya!” Na fizge gwangwanin na jefa a aljihu. Ta juya da sandarta ta koma ɗaki.

Matata ta ce, “Malam, ka ji abin da ya fita daga bakinka kuwa?”

Na ji. Tun kafin ta tambaya na ji, kuma kunya ta kama ni har ƙafata. Amma ban iya bin Inna ɗaki ba a ranar.

Na kira abokina. Ya ce, “Ina sikimar da na ce ka saya?” Sai a lokacin na tsaya na saurara. Sikima wata na'ura ce mai kama da doguwar kwalba, da ɗan famfo a gindinta yana busa iska cikin ruwa har ta zama kumfa. Dattin da ya narke, na kashin kifi da ragowar abinci, yana manne wa kumfar, ita kuma ta hau sama da shi ta zube a wani kofi. Kai kuma ka cire kofin ka zubar. Ya ce in riƙa canza wani kaso na ruwan kullum kafin ta iso, ya kuma ba ni lambar wani mai sayar da irin kayan a Legas.

Mutumin ya turo mini hotuna uku ta waya, ƙarama da matsakaiciya da babba. Kai! Nan take zumuɗina ya dawo sabo. A shago manomi yana tambayata maganin ciyawa ina leƙa waya. Ƙaramar, an rubuta lita ɗari uku ɓaro-ɓaro a kwalinta. Na ce shi ke nan, an gama. A sana'armu haka abin yake, kwalba kaza ga hekta kaza, ka karanta ka auna ka fesa. Akwatina ɗari uku, na'ura ɗari uku, me ya rage? Can kuma sai zuciya ta ce, kai wane, ƙarama? Ɗauki babbar mana, wadda ta kusa kai maka ƙugu, kowa ya shigo ya san an kashe kuɗi. Kwana biyu ina lilo tsakanin su biyun, ko kallon ta tsakiyar ban yi ba.

Duk wannan lokacin Inna ba ta leƙo falo ba. In na gaishe ta, “lafiya” kawai. Tuwo ya koma dawowa da rabi. A rana ta uku na shiga ɗakinta da wayar a hannu, don ban san ta inda zan fara ba da haƙuri ba, sai na fake da hotunan. Na durƙusa na ce ga injin da zan sayo wa kifayen.

Ta duba da gefen ido. “Me yake yi?”

“Shara, Inna. Kashinsu yake kwashewa daga ruwan.”

Sai ta gyara zama. Na nuna mata ƙaramar, na ce wannan an yi ta daidai girman akwatinmu.

“Wanda ya rubuta haka, kai nawa ya ɗaure a ciki?”

Na ce ban sani ba.

“Ba ka tambaya ba?” Ta girgiza kai. “Ɗakin da nake kiwo a Ƙarfi ka san shi. In rago biyu ne a ciki, shara sau ɗaya ta isa. Shekarar da na ɗaure takwas, sau uku nake sharewa a rana, in kwashe ƙasar da ta jiƙe in zuba busasshiya, in ba haka ba zarni ya hana su cin abinci. Ɗakin bai ƙaru ba, ɗan nan. Kashin ne ya ƙaru. Kai ka tara dabba goma sha huɗu a wuri ɗaya kana auna bango.”

A nan gabanta na kira mutumin Legas, na tambaye shi da ɗan Turancina. Ya yi dariya ya turo hoton gefen kwalin. Ga shi nan da ƙananan baƙaƙe, layi uku: in kifi kaɗan ne, lita ɗari uku, in da dama-dama, ɗari biyu, in an cika, ɗari da hamsin. Innalillahi! Ni da nake yi wa manoma tsawa kullum a kan ba sa karanta bayan kwalba! Ta tsakiyar kuwa, wadda na raina, da ya turo nata hoton, layinta na ƙarshe shi ne ɗari uku cif.

Duk da haka ban haƙura da babbar ba. Na ce to ai gara wadda ta fi ƙarfi. Mutumin ya ce a'a, in na'ura ta fi ƙarfin dattin da ke ruwan, kumfarta ba ta tsayawa daidai, yau ta yi aiki gobe ta zauna. Ga cin wuta, ni kuma da sola nake. Na fassara wa Inna, ta ce, “Ka ɗauki ƙarti goma sharar ɗaki ɗaya? Tsayawa za su yi suna hira.” Mutumin ya sa na ɗauko tef na auna ƙaramin tankin da ke ƙarƙashin akwatin, inda za ta zauna, har da tsawon da ake bukata a ɗaga kofin. Babbar ko shiga ba za ta yi ba. Ta tsakiyar ta shiga, da ragowar yatsa huɗu a sama.

Aka sa ta a motar Legas. Kwana uku ina zuwa tasha safe da yamma, har 'yan kamasho suka fara ce mini ango. Ranar da ta iso na hau bayan ɗan acaɓa na rungume kwalin, ina ce masa ya bi a hankali, ina kuma ce masa ya yi sauri. Na haɗa ta, na kunna. Ikon Allah! Cikin kwalbar ya yi fari fat kamar an kaɗa nono. Na ƙwala wa matata kira, na ƙwala wa maƙwabci, na tsaya ina ta washe baki.

Sai kuma ta ba ni kunya. Ranar farko kofin ya cika da farin ruwa ya yi ambaliya. Na rage mata ƙarfi, sai ta daina tara komai. Kwana ɗaya, biyu, uku, huɗu, kofi wayam. Na kira mutumin Legas na sauke masa kwandon faɗa, ya ce sabuwa haka take yi, in daina taɓa ta kowane minti biyar, in bar ta ta saba da ruwan. Ina ta canza ruwa, Balami ya daina cin abinci. Inna ba ta fito ba, amma matata ta ce duk sanda ta kai mata abinci sai ta tambaya, “Ya fitar?”

Safiya ta biyar na dawo daga masallaci na buɗe ƙofar ƙarƙashin akwatin. Kofin ya kusa rabi da wani ruwa baƙi-ƙirin mai kauri, ga wani wari da ya daki hancina har na ja baya. Ban taɓa murna da wari irin ta ranar ba. Na cire kofin na ruga ɗakin Inna ba ko takalmi, ina cewa, “Ya fitar, Inna! Ya fitar!”

Ta karɓa da hannu biyu, ta karkata shi wajen haske, ta kai hanci ta shinshina a natse.

“Yauwa,” in ji ta. “Yanzu aka yi shara. Duk wannan a cikinsa suke numfashi?”

Ta ce a zuba wa zogalen bayan gida. Na ce da gishiri a ciki, zai ƙone shi. Ta ce tun da take ba ta taɓa ganin takin da ake zubarwa ba, amma ba komai.

Na durƙusa, na ce, “Inna, ki yafe mini. Ni na tara su, ni na ƙi sayen inji, na zo na ɗora miki.”

Ta ajiye kofin. Sannan ta ce, “Na ba su fiye da ƙima, na sani. Amma ranar da ka karɓe gwangwanin nan, cewa na yi a raina, to, ke nan yanzu ko kifi ban isa in kiwata ba.”

Hawaye suka zubo mini, ban ɓoye ba. Na ciro gwangwanin daga aljihu, don kwanakin nan duk yana tare da ni, na ajiye a gabanta. Ta sa aka kawo mata murfin kwalba ta yi ma'auni da shi, ta ce rabinsa da safe, rabinsa da yamma, kuma wanke kofin nan daga yau aikinta ne, kada wanda ya taɓa mata. Ta miƙo mini hannu na tashe ta, ta ɗauki sandarta, muka nufi falo, tana tambayata tun a hanya ko Balami ya ci wani abu jiya.