Bishiyar Bakin Tagata

Da muka samu gidan council, wato gidan haya na hukuma, a unguwar Plumstead, bishiyar na tarar a bakin tagar kicin. Ita ce labulena. Ba ta zubar da ganye ko da sanyi, don haka nakan yi girki ba ɗankwali, mai wucewa ba ya ganina.

Sai yayar maigida ta zo daga Kano ganin likita, ta sauka wurinmu. Ko jakarta ba ta ajiye ba ta ce, "Ke, bishiyar Kirsimeti ce a ƙofar gidan ƙanena?"

Na ce, "Yaya, mu ma nan muka same ta. Wata tsohuwar Baturiya maƙwabciyarmu ta ce blue spruce sunanta."

"Au, har suna kika yi mata?"

Na ja ta waje don ta gani da idonta. Na nuna mata launin, shuɗi-shuɗi kamar an barbaɗa toka, in ka murza da yatsa tokar ta goge, kore ya fito. Na tsinko ganye ɗaya, gajere, mai tauri, gefe huɗu, yana mirginawa tsakanin yatsu kamar tsinken ashana. Na ce waɗanda na fi gani a bakin shago a Disamba ganyensu shimfiɗaɗɗe ne, mai laushi, ba ya mirginawa. Na nuna mata 'ya'yan, suna rataye kai ƙasa, ɓawonsu kamar takarda. Ban ɓoye mata ba, wasu na rataya wa irin wannan fitilu, amma tawa ko zare ba ta taɓa gani ba.

Ta damƙi reshe za ta karya, ya soke ta. Ta yarfe hannu. "Kin gani, har halin uwar ɗakinta gare ta."

Bayan la'asar na ji ta a falo tana ce wa maigida, "Baƙi su zo daga gida su ga wannan, me za ka ce musu?" Ran Asabar ya aro zarto.

Yanzu labule mai kauri ne a tagar, da rana tsaka sai na kunna wuta kafin in yanka albasa. Kullum Yaya ta bugo waya daga Kano sai ta tambayi lafiyata. Nakan ce wa maigida ya gaya mata ina kicin, hannuna da mai.